Kafin a shafa wa tabo mai, a binciki abin da ya kawo shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana mata, da mazan da ke aurensu ko suka haife su, a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke ɗaukar duhun fata da baƙin tabo a nan Katsina da kewayenta. Na yi shekara 35 ina aikin jinya kafin in yi ritaya. Ni ba likitar fata ba ce, amma a tsawon waɗannan shekaru na wanke raunuka, na cire zaren ɗinki, na riƙe hannun mata a ɗakin haihuwa, kuma duk wanda ya yi wannan aikin dole ya koyi karanta fata ko bai yi niyya ba. Abin da na koya shi ne, ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa abin da ya sauya launin fata yana can cikin jiki, inda babu man shafawar da zai iya kaiwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanmu ya faru. Bara, saura wata huɗu bikin 'yar ƙanwata, uwar ta shigo mini da ita da hantsi, ta sa ta cire hijabi, ta sunkuyar da kanta, ta ce, "Yaya, don Allah dubi wuyan yarinyar nan, sai ka ce ba ta san ruwa ba. Na sa ta dirje shi da soso da toka, na sa ta matsa lemun tsami, abin sai gaba yake yi. Wai yanzu ƙawarta ta yi mata hanyar wata mai haɗa mai." Yarinyar dai ba ta ce uffan ba, hawaye kawai ke ɗiga a kan tabarma. Na jawo ta bakin ƙofa inda haske yake, na shafa bayan wuyan da yatsana. Baƙi ne ƙirin a cikin lanƙwasar wuyan, ya yi kauri, kuma yana da laushi kamar karammiski, ban da inda soso ya ƙuje ya bar ja. Na ce ta ɗaga hannu, na ga hammatarta ma haka take. Da na tambaye ta yadda al'adarta ke zuwa, sai da ta saci kallon uwarta sannan ta ce, "Inna, wani lokaci sai ta tsallake wata biyu ko uku." Uwar ba ta taɓa jin wannan maganar ba sai a ranar.

Washegari da sassafe, kafin ta karya kumallo, na kai ta aka auna sukarin jininta. Bai kai 7 ba, wato adadin da daga shi ake fara maganar ciwon suga a ma'aunin da asibitocinmu suka fi amfani da shi, amma ya wuce na mai cikakkiyar lafiya, yana bakin gaɓa. Likita ya ƙara da hoton mara da wasu gwaje-gwaje, ya ce tana da wata matsala ta ma'ajiyar ƙwai wadda ke tafiya tare da ƙiba da rikicewar al'ada, kuma idan aka bar ta tana iya jinkirta haihuwa. Shi wannan baƙin wuya, wanda likitoci ke kira akantosis, alama ce ta cewa jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Insulin shi ne sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, kuma idan jiki ya daina jin maganarsa sai a riƙa fitar da shi fiye da ƙima, wannan rarar kuwa ita ce ke sa fatar wuya da hammata da matsematsi ta yi kauri ta yi duhu. Da an bi ta mai haɗa mai, mai yiwuwa wuyan ya ɗan washe na 'yan makonni, a sha biki, a yaba wa amarya, sukarin kuma ya ci gaba da hawa a ɓoye har ranar da zai bayyana kansa a awon ciki ko a gyambon da ya ƙi warkewa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda fata ke yin launinta, domin daga nan kuskurenmu yake farawa. A ƙarƙashin shimfiɗar fata ta sama akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne sarrafa sinadarin launi da ake kira melanin. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bahaushe da Balarabe da Bature, bambancin yana ga yawan melanin ɗin da suke fitarwa da yadda suke rarraba shi. Melanin garkuwa ce da Allah ya yi mana daga hasken rana, shi ya sa kansar fata da rana ke jawowa ta yi ƙaranci a cikinmu idan aka kwatanta da Turawa, kuma shi ya sa zabiya, wanda jikinsa ba ya yin wannan sinadari yadda ya kamata, yake shan wuya a ƙasarmu. Sai dai a baƙar fata waɗannan ƙwayoyi masu saurin harzuƙa ne. Duk abin da ya dami fata, ƙurji ne ko ƙuna, cizon sauron da aka sosa ne ko dirza, amsar da suke bayarwa ɗaya ce, wato ƙarin launi. Don haka matar da ta ga tabo ta hau shi da soso mai kaushi, ko ta zauna gaban madubi tana matse ƙurajen fuska, kiran abin da take kora take yi, ana magani kai yana kumbura.

Akwai duhun da ke fitowa a kumatu biyu da goshi da karan hanci da saman leɓe, kamar an shata shi, wanda ake kira melasma. Ya fi kama mata, musamman masu juna biyu da masu shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, saboda sauyin sinadaran jiki, kuma a wasu gidaje gado ne. Na mai ciki yakan dushe da kansa bayan haihuwa da wasu watanni, ko da yake wani cikin na iya dawo da shi. Abin da ke rura shi rana ce da zafi. Mu a nan muna ganin tun da mace na sanye da hijabi har ƙasa ai rana ba ta taɓa ta, mun manta cewa hijabi ya rufe ko'ina ban da wurin da wannan duhu ya fi so. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma malamar makarantar da ke tashi aiki ƙarfe biyu ta tsaya bakin titi jiran Keke Napep, fuskarta na shan rana kamar ta manomi. Sannan ga murhu. Matar da ke tuyar waina ko suyar ƙosai kowace safiya, fuskarta a saman wuta na awa biyu ko uku, ko da mai mafi tsada ta shafa da dare, gobe wutar za ta warware mata aikin.

Wannan batu na zafi ya tuna mini da mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Tana da wani zane baƙi-baƙi mai kama da raga a ƙwaurinta biyu, muna yara mun ɗauka tsufa ne. Sai da na shiga aikin asibiti na gane cewa kaskon garwashin da take ajiyewa tsakanin ƙafafunta duk daren hunturu ne ya zana mata shi, domin zafin da bai kai ya ƙona ba, idan ya daɗe yana dukan wuri ɗaya, yakan bar irin wannan shaida. Maganinsa matsawa daga wutar ne tun da wuri, kuma har yanzu ina ganin sa a ƙafafun tsofaffinmu.

Wani abin da yake ba ni takaici shi ne saurin zargi. A yanzu duk matar da aka ga gaɓoɓin yatsunta sun fi sauran hannun duhu, sai a fara ƙus-ƙus cewa tana bilicin. Sau da yawa gaskiya ne, amma ba kullum ba, domin ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo duhu a gaɓoɓin yatsu da tafin hannu. Yakan zo tare da kasala da ƙarancin jini da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, wani lokaci harshe ya yi sumul yana raɗaɗi, kuma idan aka yi sakaci yana lalata jijiyoyi. Wannan bitamin daga nama da hanta da kifi da ƙwai da nono ake samun sa, kuma kowa ya san gidaje nawa ne nama ya zama sai da salla a wannan tsadar rayuwa. Masu ciwon sugar da suka yi shekaru suna shan ƙwayar metformin su ma yakan ragu a jikinsu, ya kamata a riƙa auna musu. Haka kuma mutumin da abincinsa ya koma tuwon masara safe da dare, babu wake babu gyaɗa babu nama, yana iya kamuwa da ƙarancin bitamin B3, cutar da ake kira pelagira, inda fata ke yin baƙi da kaushi tana ɓarewa a wuraren da rana ke duka, kamar bayan hannu da zagayen wuya, tare da zawo da ruɗewar tunani. Yanzu da rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu da shanunsu a yankunan Jibiya da Batsari da Safana, ina roƙon ma'aikatan lafiya su riƙa tunawa da wannan cuta idan an kawo musu ɗan gudun hijira mai irin wannan fata. Akwai kuma cutar da wani likitan Ingila, Thomas Addison, ya bayyana a 1855, wadda ke faruwa idan wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda suka gaza, sai mutum ya yi duhu har a zanen tafin hannu da dasashi, yana ramewa, jininsa na sauka. Ba ta da yawa, amma tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke kawo ta a ƙasashe irin namu, kuma tana kisa idan ba a gano ta ba.

Magungunan da muke saya a kemis ba tare da takardar likita ba su ma suna da nasu rabon. Wani maƙwabcinmu direba ya yi shekaru da baƙin tabo zagayayye kamar kwabo a leɓensa na ƙasa, har surukansa suka fara zargin yana shan taba a ɓoye, shi kuma ya fara tunanin sammu. Da na zauna da shi na yi ta tambaya, sai ya tuna cewa duk lokacin da ya ji zazzaɓi ya sha Fansidar ko Septrin, wurin yakan yi ƙaiƙayi ya yi ja, bayan kwana kaɗan ya koma baƙi fiye da da. Jikinsa ne ba ya shiri da magungunan da ke ɗauke da salfa, kuma halin wannan tabo ke nan, ya dawo daidai inda ya taɓa fitowa. Na ce, "Malam, ka rubuta sunan maganin nan ka sa a aljihu, duk asibitin da ka je ka nuna." Tun daga nan bai sake tashi ba, ko da yake inuwarsa na nan. Amma a nan dole in ja kunne, domin ba kowane maganin da ya sa duhu ake dainawa ba. Masu karɓar maganin kuturta, kamar waɗanda ke zuwa asibitin Babbar Ruga, sun san ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana sauya launin fata, kuma launin yana washewa a hankali bayan an kammala. Wanda ya bar maganin saboda duhun ya yi wa kansa babbar asara.

Lemun tsamin da ƙanwata ta dogara da shi kuwa, yana ɗauke da wasu sinadarai waɗanda idan suka zauna a fata rana ta doke su, sukan ƙona wurin su bar tabon da ya fi na farko. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi domin ya kama da sauri shi ma na sha ganin ya tayar wa amarya da ƙuraje masu ruwa, zanen furen ya zauna mata baƙi na watanni bayan lallen ya goge.

Sai babbar magana, wato man haɗi. Bayan abin da ya faru a gidanmu na ce sai na ga wannan mai haɗa mai da idona, na je shagonta ban faɗi ko ni wace ce ba. Na same ta da wata babbar roba a gabanta, ta juye man shafawa na kanti, ta matse ƙananan bututu har shida a ciki, ta tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da babu rubutu ko ɗaya a jikinta, ta sa cokali tana juyawa kamar mai dama kunu. Ta ɗago ta ce, "Hajiya, wanne za a haɗa miki, na kwana bakwai ko na sannu-sannu?" Ba ta tambaye ni ko ina da hawan jini ko suga ba, kuma matashiyar da ta riga ni, wadda cikinta ya fito sosai, ita ma ba a tambaye ta komai ba. Na sunkuya na ɗauki ɗaya daga cikin bututun da ta yar, na karanta, kulobetasol ne, wato ɗaya daga cikin mayukan sitiroyid mafiya ƙarfi, wanda likita ke rubutawa a shafa a ɗan ƙaramin wuri na makonni kaɗan.

Na san ƙarshen wannan hanya domin a gadon asibiti na riƙa tarar da shi. Sitiroyid yana siranta fata har jijiyoyi su fito kore-kore, ya kawo nankarwa mai faɗi a hannu da cinya, ya buɗe ƙofa ga makero da ƙuraje, kuma tun da fata na tsotse shi zuwa jini, wadda ta shafe jikinta da shi shekara da shekaru tana iya samun hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska. Ba zan manta da wata baiwar Allah da aka yi wa tiyatar haihuwa ba, wadda ɗinkinta ya ƙi kamawa, zaren yana yaga fatar kamar takardar da ta jiƙa, muka yi makonni muna wankin ciwo jaririnta na hannun kakarsa. Shi kuma haidirokwinon, wani sinadarin da ake sawa a mayukan bilicin, wanda ke hana ƙwayoyin launi aiki, idan aka daɗe ana shafa shi yakan juya ya haifar da wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ƙananan gudaji a kumatu, wanda likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana a 1975 a jikin matan da ke shafa irin waɗannan mayuka, kuma yana cikin tabon da suka fi wuyar magani. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Ghana ma ta hana a 2016. Na ukunsu zaiba ce, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma kaiwa ga jariri ta mahaifa da ta nono. Saboda haɗarinta ne ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta nakasa mutanensa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abin da nake so a lura da shi shi ne, da yawa daga cikin matan da na sani ba da niyyar zama farare suka fara ba. Tabon ƙurji ɗaya ne ko duhun goyon ciki ya kai su shagon, garin gyaran gira aka rasa ido.

Sai dai ina tsoron kada wani ya karanta wannan wasiƙa ya ce to ai Hajiya ta tabbatar da maganarmu, daga ciki ake gyara. Masu wayo sun riga sun canza salo, yanzu a TikTok da WhatsApp ana tallar allurar gulutatayon da ƙwayoyin haske da shayin da wai yake wanke jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da ko allura ɗaya ta hasken fata ba, kuma allurar da ake yi a shagon gyaran jiki, ba a san abin da ke cikinta ba, ba a san tsaftar sirinjin ba, hanya ce ta ciwon hanta da abin da ya fi shi. Jini kuwa yana da masu wanke shi, hanta da ƙoda, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba suna cikin abubuwan da ke gajiyar da su. Ban raina abin da muka gada ba. Man kaɗanya mai kyau ne wajen hana fata bushewa da tsagewa a hunturu, zogale da kuka abinci ne masu amfani, amma wanda ya ce miki za su goge tabo cikin mako ɗaya kuɗinki yake so.

Abin da nake kira a yi, wato duba jiki gaba ɗaya, ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya, domin yana bukatar haƙuri. Yana farawa ne da tambaya: yaushe duhun ya fara, a ina yake, akwai ciki ko tazarar haihuwa, wane magani ake sha, me ake shafawa, me ake ci, al'ada na zuwa daidai, akwai mai suga a gida? Daga amsar ne za a san ko awon sukari za a yi ko na jini, kuma waɗannan gwaje-gwaje ana yin su a Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya da sauran manyan asibitocin jihar, kuɗin awon sukari bai kai na robar haɗi ɗaya ba. Ga 'yar tamu, abin da likita ya fi nanatawa abinci ne da motsi. Ta bar lemon kwalba, wanda a kwalba ɗaya mai santilita 50 ana iya samun sukari sama da ƙaramin cokali 10, ta rage tulin sukarin da take zubawa a fura da shayi, ta rage malmalar tuwo ta ƙara miyar ganye da wake da kwaɗon zogale, goba da ɗanyen tumatir suka maye gurbin cincin. Kullum bayan sallar asuba ita da ƙanwarta suna zagaye tsakar gida na rabin awa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa ga masu sukari a bakin gaɓa, rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki tare da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100. Na kuma sa ta ajiye waya da dare, domin ƙarancin barci yana ƙara wa jiki taurin kai ga insulin, damuwa kuma tana tayar da ƙuraje.

Ta waje kuma, abin da ake bukata tausasawa ne. A yi wanka da sabulu mai laushi da tafin hannu ko soso mara kaushi, a shafa mai, a magance ƙurajen tun suna ƙurajensu kafin su zama tabo, a kwana cikin gidan sauro. A riƙe lema idan za a fita da tsakar rana, maza su koma ga malafa, wadda ke da hali kuma ta nemi man kariyar rana mai lamba 30 ko fiye, musamman mai ɗan launin ƙasa-ƙasa, domin shi ne ke tare har da hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhu a baƙar fata. Akwai mayukan magani na gaskiya, har da shi haidirokwinon ɗin, amma likita ne ke ba da su da ma'auni, a kan tabon kaɗai, na 'yan watanni sannan a huta, kuma wasunsu an hana mai ciki. Wadda ta daɗe a kan man haɗi kada ta yanke rana ɗaya ba tare da ganin likita ba, domin jikin da ya saba da sitiroyid a hankali ake yaye shi. Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta shimfiɗarta ta sama, tabon ƙurji na iya ɗaukar wata 6 zuwa 12 kafin ya dushe, mai zurfi ma ya fi haka, saboda haka duk abin da aka ce yana aiki cikin kwana bakwai to ɓarna yake yi.

Zuciya ma jiki ce, kuma a nan maza ke shigowa. Hawayen da yarinyar nan ta zubar a kan tabarmata ba na ciwo ba ne, na gori ne, domin wata dangin ango ta taɓa ce mata a gidan suna ta riƙa kula da wuyanta. Mijin da ke yaba farar mace a gaban matarsa, da dangin da ke jera man bilicin a akwatin lefe, da uwar da ke shafa wa jaririya mai don kada ta fi 'ya'yan kishiya duhu, duk suna da hannu a abin da ke kwantar da mata a asibiti. Idan matarka ta yi duhun goyon ciki, ɗanka ne ya sa mata shi, kalma ɗaya mai daɗi daga bakinka za ta iya hana ta zuwa shagon nan.

Ina roƙon hukumomin lafiya na jiha su sa wannan darasi a cikin bayanin da ake yi wa mata ranar awon ciki, su kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa duba wuyan duk wanda ya zo da ƙiba, domin dubawar ba ta cin ko kwabo. Masu dilka da gyaran amare su ne suka fi kowa ganin jikin 'yan mata, da za a tara su a nuna musu bambancin dauɗa da baƙin wuyan sukari, da sun zama masu turo mana marasa lafiya da wuri. Kai kuma ranka ya daɗe, ina so ka tura wakilinka ya sayo robar haɗi uku ko huɗu daga kasuwanninmu, a kai ɗakin gwaji, a buga wa jama'a abin da aka samu a ciki.

'Yar tamu dai an yi bikinta wuyan bai washe ba, sarƙa da mayafi suka rufe abin da suka iya rufewa, kuma uwarta ta yi kwana biyu tana fushi da ni. Yanzu ta rage kilo 7, al'adarta ta zo wata biyar a jere, kaurin wuyan ya faɗa, sai wata 'yar inuwa da ta rage a lanƙwasar ƙasa. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma a sake auna sukarin.

Wassalam.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Katsina.